Kwali a Bayan Shagona

Ƙarfe huɗu in ta yi, ba sai na duba agogo ba,
Sabitu zai leƙo ta tagar shagona:
“Baba Audi, sifikar ta cika?”
Ni mai cajin waya ne a Farin Gada,
kowane kai da kuɗinsa,
amma sifikar yaran nan ban taɓa karɓar mata sisi ba.

Bayan shago akwai ɗan fili
inda motocin dankali ke juyawa da safe.
Nan suke shimfiɗa kwalin firij,
su danne kusurwoyinsa da duwatsu.
Dutse kam ba a rasa shi a Jos.

Izang ne malaminsu, shekararsa sha tara.
Da rana yana ɗaure kwandunan tumatir,
da yamma yana kwance gaɓoɓin yara.
“Ɗaya, biyu, sauke kafaɗa,
uku, huɗu, daina kallon ƙafarka,
ƙasa ba inda za ta.”

Ran nan na tambaye shi, rawar nan ’yar ina ce?
Ya ce wadda ake juyi a kan ka
daga ƙetaren teku ta zo,
yaran baƙar fata ne a wani birni mai dogayen benaye,
ba su da kuɗin shiga gidan rawa,
suka mai da bakin titi dandali.
Ta ƙafa kuwa, mai kama da tsallake kwata,
motar dare ta hawo daga Legas.
Sauran, in ji shi, waya ce ta haife su.

Na ce to, na ji.
Amma ni na ga abin da na gani.
Sunkuyon nan da Kaneng ke yi ta ɗago a hankali,
haka uwata ke ɗaga kwanon kuza
a bakin rami a Bukuru.
Girgizar ƙirjin nan ta Izang,
ko ya ƙi ko ya so, ta ’yan Asharuwa ce,
sarewa aka ajiye aka sa batir.
Ya yi dariya, bai musa ba.

Me ke kawo su?
Ba kuɗin rajista, ba dogon layi,
silifa ma in ta tsinke sai a ci gaba da tafin ƙafa.
Ba wanda ke tambayar wani unguwarsu.
Ɗanliti in-ina gare shi,
a aji sai ya yi gumi kafin ya faɗi sunansa,
amma in ya shiga tsakiyar da’ira
jikinsa ba ya cije harafi ko ɗaya.
Kaneng markaɗe aka aike ta,
ga bokitin can a gindin taya yana jiran ta,
ta san za ta sha faɗa, ta riga ta yi lissafi,
ta ga faɗan bai kai rawar tsada ba.

Makon jiya aka ɗauke wuta kwana uku,
janaretana kuma ya yi tari ya mutu.
Sabitu ya leƙo, na girgiza kai.
Na ɗauka za su watse.
Can sai na ji tafi,
sai wani ya jawo jarkar mai da ba komai ciki,
wata ta kama cokali da murfin tukunya.
Ban san lokacin da na fito ba,
na karɓi jarkar, na ce kawo, ba haka ake yi ba.

Da magariba ta kawo jiki suka naɗe kwali,
sanyi ya sauko daga kan duwatsu.
Na ja ƙofar shago, na waiga dama da hagu,
ba kowa sai akuyar mai shayi.
Ɗaya, biyu, na sauke kafaɗa.
A uku gwiwa ta ce, “Audi, ka ji tsoron Allah.”

Huɗun dai na yi ta.